Jallabiyar da Na Bari a Bayan Ƙofa

Ni dai shisshigi ne ciwona tun ina yaro. Aji biyu na yi a makaranta, amma in ka ji ina ba da shawara sai ka rantse tsohon alƙali ne.

Kwanan nan 'yata ta karanta mini a waya cewa a da can Turawan Ingila kan loda matan ƙasar Ailan a jirgin ruwa, su kai su Ostareliya saboda satar ƙyalle ko abinci, yawancinsu ba su ƙara ganin gida ba. Ta ce, "Baba, ka ji zalunci?" Na tashi wai zan yi alwala.

Maƙwabciyarmu ce ta faɗo mini a rai. Mijinta ya rasu, tana sayar wa alhazai carbi da lalle a dutsen Uhudu, ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama. Wata rana aka kwashe su da sauran marasa takarda zuwa tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. Tata ƙasar wai Najeriya, alhali a nan birnin Manzo, unguwar Harra ta Gabas, aka yanke mata cibiya.

Jaka ɗaya aka yarda a kai mata, kuma sai mai takarda ke iya tunkarar wurin. Ni ne mai takarda. Ta kira ni: "Kawu, don Allah jallabiyar marigayi, tana rataye a bayan ƙofa. Ita kawai, khalas."

Na shiga ɗakin na ga jallabiya, wuya ya cinye, ga tabon baƙin mai. Na ce wannan baiwar Allah ba ta san Kano ba, tsumma za ta ci? Na cika jakar taf da dabino da turare, ta samu jari. A hanya har yaba wa kaina nake. Jallabiyar kuwa na ce zan ba alhazai su kai mata daga baya.

Ina wurin aiki mai gidan hayar ya watsar da kayan ɗakin a bola, ya zuba sababbin 'yan haya. Na tona shara har hannuna ya yanke. Babu.

Bayan aikin hajji ta kira daga Kano. Ta tsokane ni da tsufa, na rama. Sai muryarta ta sauka, ta faɗi maganar da har yau ban amsa ba, sai "alo, alo" da na yi ta yi kamar layi ya katse:

"Kawu, dabino ya ƙare tuni. Kabarinsa na Baƙi'a, ni da shi sai lahira. Rigar dai tana wurinka, ko?"