Noti na Huɗu

A layin kanikawa babu wanda ya san shi da wani suna sai Ƙara-kaɗan. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi a ƙarƙashin motoci, kuma hannunsa ne ya jawo masa sunan: in ya ɗaure noti har ya ji ya zauna, sai ya gyara tsayuwa, ya cije leɓe, ya ƙara masa kaɗan. Direbobi suna yabonsa, don motar da ta bi ta hannunsa ba ta zubar da komai a hanya. Kanikawan wasu garuruwa kuwa, duk ranar da motar ta faɗo musu, sai su yi ta tsine wa mutumin da ba su taɓa gani ba.

Hali zanen dutse. A gida ma haka yake. In ya rufe famfo sai an kira shi ya buɗe. In ya rufe kwalba, ta rufu ke nan sai ya dawo daga aiki. Matarsa, wadda bai taɓa kiran ta da komai ba sai Mamansu, takan ce ranar da Allah ya ɗauki ransa sai an aro sifana kafin a iya buɗe masa tafin hannu. Shi ba ya ramawa, ba mai yawan magana ba ne. Murmushi kawai yakan yi, ya karɓi kwalbar ya buɗe mata.

Gadon ƙarfen da ke ɗakin sama shi ya ƙera shi, shekarar da suka tare a gidan. Matakalar gidan matsattsiya ce, ga kwana a tsakiya, ko katifa sai an naɗe ta take wucewa. Don haka gunduwa-gunduwa ya hau da gadon, ya haɗa shi a can da manyan noti huɗu, kowace kusurwa ɗaya. Mamansu ta ce tana jin yana ƙara in ta juya, ya dawo da sifana ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Tun daga nan gadon bai sake cewa uffan ba. Ita ce ke shafa masa koren fenti duk bayan 'yan shekaru, ba ta yarda wani ya taɓa mata.

Shekara huɗu ke nan da ya ajiye aiki. Yanar ido ta rufe masa idon dama, na hagun ma ya fara hazo, hannun kuma in ya ɗaga kofi sai ruwan ya yi ta rawa. Bai yi wa kowa ƙorafi ba. Ya kwashe kayan aikinsa a akwatin ƙarfe ya tura ƙarƙashin matakala.

Wata Asabar Mamansu na shanya a igiya, ɓarin jikinta na hagu ya saki. Mako uku ta yi a asibiti. Ranar Litinin likita ya ce za a sallame ta Alhamis da la'asar, amma ita da hawa bene sun yi ban kwana, kuma kada a kwantar da ita a ƙasa, don ɗaga ta zai gagari masu jinya. Auta, 'yarsu da ke koyarwa a makarantar unguwa, wadda ita kaɗai ta rage kusa da su, ta ce sai a nemo wani gado a sa a ɗakin ƙasa. Mamansu ta girgiza kai. Harshenta ya yi nauyi, sai ta yi kokawa kalma take fita, amma wannan ta fita sarai.

“Gadona,” ta ce, ta nuna mijinta da hannunta mai lafiya.

Ya ce mata an gama. A mako ukun nan babu abin da ya iya yi mata. Bai iya ɗaga ta, bai iya karanta takardar magani, in ya ba ta ruwa rabi a wuyanta yake ƙarewa. Zama kawai yake yi a kujerar roba kusa da ita, ma'aikata na kewaye shi kamar turke. Yanzu ga abu ɗaya da aka ce nasa ne.

Noti uku sun fita ranar nan, da kananzir da lallashi. Na huɗun yana wajen kai, jikin bangon da taga ke yi wa feshin ruwa, tsatsa ta shekara talatin ta haɗe shi da ƙafar gadon sun zama abu guda. Ya sa sifana lamba sha bakwai ya ja, ta zame. Ya sake sawa, ta sake zamewa, ya bugi gwiwar hannu da bango. Da ya shafa kan notin da yatsa sai ya ji kusurwoyin sun cinye, ya zama sumul kamar tsohon kwabo. Ya gwada filaya, ta ƙi kamawa. Ranar Talata ya ɗauko guduma da cizal, wai ya sassaƙa masa wurin kamu ya kora shi baya, yadda ya yi wa ɗaruruwa a zamaninsa. Amma guduma ba ta sauka inda ido ya aike ta. Kafin azahar ya ɓantare kan notin kusan duka, ya kuma fasa farcen babban yatsa.

Auta ta hau ta same shi zaune a ƙasa. Ta ce ai mai waldan da ke bakin layi zai yanke wannan cikin minti biyar. Ya ce wuta za ta ƙone fentin Mamansu. Ta ce fenti ai ana sake shafawa. Ya ci gaba da shafa kan notin, ta gane ba fenti ake magana ba, ta sauka.

Laraba da hantsi ya tafi shagon kayan aiki da ke bayan tasha. A da yakan yi wa masu sayen maciri, ƙarfen ciro notin da ya maƙale, dariya, yakan ce wanda ya iya guduma ba ya bukatar irin waɗannan. Mai shagon, wani mai tumbi da ba ya rabo da tsinken sakace, ya san shi tun yana zuwa da shuɗin kaya mai baƙin mai. Ya tashi ya ba shi kujera, ya tambayi mai jiki, sannan ya ji abin da ya kawo shi.

“Baba, kai da kanka? Wa ya ɗaure notin nan da ya gagare ka?”

“Wani mara imani,” in ji Ƙara-kaɗan.

Mai shagon ya yi dariya har tsinken ya faɗi. Ya sauko da akwatuna ya jera a kan kanta, ya yi masa bayani kamar ba shi ne ya kamata a tambaya ba. Iri biyu ne. Akwai masu kama da soket, da haƙora a ciki, ana kafa su a kan notin su cije shi, amma sai in akwai sauran kai. In kai ya tafi, sai dogayen nan masu tsini, zarensu a murɗe ta hagu: a huda tsakiyar notin da inji, a cusa, a juya baya, yana shiga yana janyo shi. Ya tambaye shi kan nawa ya rage. Ƙara-kaɗan ya ɓoye yatsansa mai tsumma cikin aljihu, ya ce babu na kirki.

To sai masu tsinin. Su ma kala uku ne a shagon. Ya kai su kusa da idon hagu, bai ga komai ba sai ƙyalli. Lambobin da aka zana a jikinsu kuwa ko alamarsu. Sai ya yi abin da ya iya: ya zaro ɗaya daga kowane akwati, ya riƙe da yatsa biyu, ya ƙwanƙwasa a bakin kanta ya kai kunne. Mai ƙyallin ya yi amo siriri kamar gilashi, ya ture shi gefe, ya ce wannan zuciya gare shi, karyewa zai yi. Na biyun ya yi tus, ya ce wannan kuma gwangwani ne, murɗewa zai yi. Na ukun baƙi ne, ba kyan gani, amonsa ya ɗan daɗe a kunne. Ya ce a ba shi wannan.

Mai shagon ya ce ai ya zaɓi gaskiya, ko shi da zai ɗauka wannan zai ɗauka. Yana naɗe masa yana ƙara ja masa kunne. Kada ya sa babba, zai buɗa notin daga ciki ya ƙara matse shi. Kada ya sa ƙarami, ba zai ɗauki ƙarfin ba. Ga noti irin wannan, na huɗu a jerin da ke cikin akwatin shi ne daidai. Ramin kuma lallai ya faɗa tsakiya.

“In ya karye a ciki fa, Baba, shi ke nan. Babu bakin injin da ke cin wannan ƙarfen. In ka ji ya yi ƙara, tsaya. Ka koma baya, ka zuba mai, ka sha ruwa.”

Ya ce ya sani. Shi ya koya wa rabin layin nan wannan maganar.

Da azahar ya jawo tsohon injin hudarsa daga akwati. Ya lalubi tsakiyar notin da yatsa, ya buga alama, ya ɗora bakin injin. Injin na tashi hannun ya ɗauki rawa, bakin ya sulale gefe. Ya tsaya ya gyara, ya sake sulalewa. A karo na uku ya ci, amma da ya zura tsinke ya auna sai ya ji ramin ya karkata, ya kusa taɓa zaren. In ya faɗaɗa shi don maciri na huɗu ya shiga, zai cinye ƙafar gadon. Ya daɗe yana juya na huɗun a hannu, sannan ya mayar da shi gurbinsa ya ɗauko na uku.

Ya cusa, ya ɗan bubbuga da guduma, ya kama gindinsa da sifana ya juya hagu a hankali. Ya ji ya cije. Ya ƙara, ƙarfen ya yi wani nishi, ya ji a tafin hannunsa notin ya motsa, kamar faɗin gashi ɗaya. Murna ta kama shi. Nan ne wurin tsayawa, kuma kansa ya gaya masa. Amma kafin maganar ta sauko daga kai zuwa hannu, hannun ya riga ya yi abin da ya saba shekara arba'in.

Ƙarar ba ta fi ta karyewar tsinken ashana ba. Sifanar ta tafi da shi har ya dafa bango. Ya shafa wurin: guntun baƙin ƙarfe ya toshe ramin, daidai da fuskar notin, babu ko abin da farce zai kama.

Bai sake taɓa komai ba. Ya zauna a kan katifar da aka jingine, kayan aiki baje a gabansa, rana na tafiya a jikin bango. Haka Auta ta dawo daga asibiti ta same shi. Ta ce Mama na tambaya ko gado ya sauka. Ya miƙa mata guntun da ya rage a hannunsa. Ta juya shi, ba ta san ko mene ne ba, amma ta ga fuskar ubanta.

“Kira shi,” ya ce.

Mai walda ya zo Alhamis da safe, yana jan wayar wuta tun daga ƙasa. Mutum ne mai barkwanci, ya shigo da shirin tsokana, har ya fara cewa yau dai maƙera sun ga ranarsu a gidan kanikawa. Da ya duƙa ya ga ramin da ya karkata da ɓantararren kan notin, sai ya haɗiye sauran. Ya ce da akwai kwana biyu da ya gwada wata dabara, amma mai jiki na hanya. Ƙara-kaɗan ya ce ya yi abin da ya gani. Aka ce ya fita saboda tartsatsi, ya tsaya a kan matakala yana jin kukan injin yanka. Bai kai minti biyar ɗin da Auta ta faɗa ba.

A ɗakin ƙasa aka mayar da noti uku, kusurwa ta huɗu mai walda ya like ta. Fentin wurin ya ƙone ya yi baƙi kamar tafin hannu biyu, ga tudun walda ya fito kamar tabon ƙuna. Mai walda ya ce a sani, gadon nan ba zai sake fita ta ƙofar nan ba sai an sake yanka shi.

Da la'asar aka kawo ta. Auta da direban motar suka ɗauko ta, shi yana biye da su riƙe da takalmanta. Aka kwantar da ita ɓarin mai lafiya na wajen bango. Ta lumshe ido, ta sauke numfashi, ta kai hannu bisa kanta tana shafa ƙarfen, har yatsunta suka isa kusurwar. Suka tsaya a nan.

Auta ta yi sauri ta ce Baba ya sha aiki, kwana uku yana fama, shi ya kwance komai.

“Uku na kwance,” ya ce. “Na huɗun ya fi ƙarfina, Mamansu. Yanka shi aka yi.”

Ta daɗe tana kallonsa da idon da ke buɗewa sosai. Bakinta ya motsa, kalmar ta ƙi zuwa, ta sake gwadawa. Auta ta sunkuya ta kasa kunne, sannan ta ɗago ta ce wai wurin na da kaifi, yana kartar mata hannu.

Ya je ƙarƙashin matakala ya lalubo magagari. Ya durƙusa a gefen gadon da ƙyar, ya nemo tudun waldan da yatsa, ya ɗora. Hannun na rawa, magagarin na zamewa yana cin koren fentin da ya tsira. Yakan goga sau uku ya tsaya ya shafa, ya ɗauki hannunta ya ɗora a wurin. Ta girgiza kai. Ya mayar da hannun kan bargo, ya ci gaba.