Ranar da Koci Ya Sallami Golan Haya

Ko zan manta komai na zamanin sakandare, ban da ranar da kocinmu ya sallami golan da na ɗauko haya. Shi kocin malamin wasanni ne a makarantarmu da ke kusa da Ƙofar Nassarawa, dogo siriri, kullum da usur a wuya, ba ya ɗaga murya sai a fili. Ni kuwa ina ajin ƙarshe, ni ne kyaftin, ina ji da kaina ba kaɗan ba.

A shekarar muka kai wasan ƙarshe na kofin makarantu, abin da ba mu taɓa yi ba. Saura kwana biyu golanmu ya faɗo daga keke ya karya hannu. Innalillahi! Ba mu da wani. To a lokacin akwai dabarar da kowa ya sani amma ba a faɗa: a ɗauko ɗan wasa daga kulob ɗin unguwa, a aske masa gemu, a liƙa hotonsa a katin wani ɗalibi. Na garzaya Kasuwar Kurmi na lallaɓo wani tela maƙwabcinmu, wanda in ya tsaya a raga sai dai a haƙura. Mataimakin shugaban makaranta ya ce da ni, "Ban ji ba, ban gani ba. Ku dai ku kawo kofi."

Ranar wasa muna ɗaure takalma a bakin fili, koci ya hango baƙuwar fuska.

"Sannu, samari. Wane aji kake?"

"Aji shida, Malam."

"Madalla. Wa yake koya muku lissafi?"

Tela ya dube ni, ni na dubi ƙasa. Koci bai yi faɗa ba. Ya ba shi hannu, ya ce ya yi haƙuri an raba shi da ɗinkinsa, ga benci nan ya zauna ya yi kallo. Sannan ya juyo ya ce, "Aikin wa?"

Na ce, "Nawa ne, Malam. Amma wallahi abokan karawarmu ma da nasu. Dubi mai lamba biyar ɗin can, ai ya haifi wasunmu!"

"Na gan shi. Ni ba makarantarsu aka ba ni amana ba." Ya karɓi safar hannu ya miƙo mini. "Shiga raga."

Ni da ban taɓa tsaron gida ba! Na tare da hannu, na tare da gwiwa, ɗaya ma da hanci na tare ta. Duk da haka aka zura mana biyu, mai lamba biyar ɗin ne ya ci duka. Aka ɗaga kofi a gabanmu, na zauna a ƙasa ina kuka, ba kunya. A kunnena mataimakin shugaba ya ce wa koci ya zubar mana da kofi saboda taurin kai. Gaskiya ni ma haka na gani, har na ƙudurta ba zan ƙara gaida koci ba.

Ranar Litinin da safe, ana taron ɗalibai, sai ga shi da rajista a hammata. Ya kira mu 'yan ƙwallo ɗaya bayan ɗaya, suna da aji, kowane aji na yi wa nasa tafi. Da ya zo kaina ya ce, "Golanmu, an ci shi biyu, ya tare bakwai." Ihun da 'yan ajinmu suka yi har yau ina jin sa a ƙirjina. Ya rufe rajista ya ce, "Duk naku ne, babu na aro."

Daga baya ya zama shugaban makaranta, sannan aka ɗauke shi ofishin ilimi yana duba makarantun cikin birni, har ya yi ritaya. Ranar da ya rasu, lungunsu ya kasa ɗaukar tsofaffin ɗalibansa. Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta.

A wurinsa na koyi cewa ka faɗi da ƙafarka ya fi a ɗora ka a wuyan wani ka yi nasara. Yau in 'ya'yana suka tambaye ni ko na taɓa cin kofi, sai in gyara zama in ce a'a, biyu aka ci mu, kuma ni ne a raga.