Manhajar da Yaya Ya Saka Mana

Lokacin da na karɓi aikin sakataren ƙungiyar manoman garinmu, abin da na tarar a ofis shi ne tebur, kujerun roba, farantin sola a kan rufi, da kwamfuta guda ɗaya. Yayana, ɗan Baffa na fari, shi ke riƙe da aikin kafin ni. Shi ya sayo kwamfutar a Kano, ya saka mata manhajar da muke rubutu da lissafi da ita. Ya rasu a haɗarin mota a hanyar Ɗanbatta wata damina. Baffa yayan mahaifina ne, shi ne kuma shugaban ƙungiyar, shi ya ce in gaji kujerar.

Na daɗe ina aiki da ita lafiya lau. Sunayen masu karɓar taki, rabon irin gyaɗa, takardun gayyatar taro, duk da ita nake yi. Sai bayan wata kaka ta fara nuna wani jan layi a sama duk sanda na buɗe ta, wai in koma sabuwa wadda ake biya wata-wata ko shekara-shekara. Takardun da ake turo mana daga ofishin gona kuma suka riƙa buɗewa a hargitse.

Na kai maganar taro. Ma'ajinmu, wani dattijo mai kaifin baki, ya dube ni kamar na yi saɓo.

"Ba saya muka yi ba?" in ji shi. "Ka taɓa ganin an sayi garma, sannan maƙeri ya riƙa zuwa duk wata yana karɓar kuɗin haya?"

Aka yi dariya. Baffa ya ce in ɗauki kwamfutar in kai Kano, in tambayi waɗanda suka san kanta.

Ranar Asabar na shiga motar haya da ita a cinyata. A kasuwar kwamfuta na samu wani mai shago, sa'ana, ya kunna ta yana shan shayinsa. Bai jima yana danne-danne ba ya ɗago.

"Malam, wa ya saka muku wannan?"

"Yayana ne. Ya rasu."

"Allah Ya jiƙansa. Amma ba ta asali ba ce. Fasa ta aka yi, masu ita ba su ga ko sisi ba."

Na ce ba zai yiwu ba, ƙungiya ta fitar da kuɗi, har faifan yana nan a kwalinsa. Ya ce irin wannan faifan ana buga shi a nan kasuwa, kwalin ma haka. Ya faɗa ne kamar mai ba da labarin zafin rana. Ya ce in ina so zai saka mini wata fasasshiyar da araha, ko in yi rajistar ta gaskiya in riƙa biya, ko kuma ya saka wata ta kyauta wadda halak ce, sai dai sai na sake koyon hannu.

Na zauna a bencinsa. Yaya ne ya koya mini alwala. Shi ne mutumin da ya taɓa komawa kasuwa a ƙafa don ya mayar wa mai tumatir rarar canjin da ta ba shi. Na ce a saka ta kyautar a gefe tukuna, kada a taɓa tsohuwar, na kamo hanyar gida.

Bayan la'asar na samu Baffa a bayan gida, yana zaune a tabarma yana tsinkar gyaɗa. Na faɗa masa yadda aka faɗa mini, ban ƙara ba, ban rage ba. Hannunsa ya tsaya a kan harawar.

"Kana nufin kayan sata muke aiki da shi tun tuni?"

"Haka mai shagon ya ce, Baffa."

"Shi yayan naka ya sani?"

Na ce ban sani ba. Mai yiwuwa shi ma sayar masa aka yi a matsayin ta gaske. Can ya tambaye ni inda masu manhajar suke. Na ce kamfani ne a ƙasar waje.

"Suna da wanda mutum zai je wurinsa ya ce a yafe wa ɗansa?"

Ban taɓa ganin fuskar Baffa haka ba, ko ranar jana'iza. Na ce ban san da shi ba. Ya ce kada mahaifiyar Yaya ta ji, ya tashi ya bar gyaɗar a wurin.

Washegari muka je wurin liman tare. Liman ya saurare mu, ya ce idan marigayi bai sani ba, babu komai a kansa, mu kuma da muka sani yanzu sai mu daina aiki da ita. Baffa ya ce, "Idan kuma ya sani fa, Malam?" Liman ya sunkuyar da kai, ya ce a yi ta yi masa addu'a, Allah Mai gafara ne.

Na ɗauka a taro zan faɗi zaɓin da ke gabanmu kawai, a bar sauran a cikin gida. Ina buɗe baki Baffa ya ɗaga mini hannu, ya faɗa musu komai da bakinsa, har da cewa bai san ko ɗansa ya sani ba. Ma'aji, wanda ba ya rasa magana, ya cire hularsa ya riƙa juya ta a hannu. Daga baya ya ce shi dai in akwai haƙƙinsa a ciki ya yafe duniya da lahira. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan biyan wata-wata, suka ce ƙungiya ba za ta iya ɗaukar abin da ba shi da ranar ƙarewa ba, a koma ta kyautar. Baffa ya amince. A gabansu na goge tsohuwar.

Ranar kasuwar da ta biyo baya sai ga shi a ofis. Ya sayar da rago. Ya ajiye kuɗin a tebur ya ce in yi rajistar ta gaskiyar, ta shekara guda.

"Baffa, ai an yanke magana. Ta kyautar tana yi mana aiki."

"Wannan ba ta ƙungiya ba ce. Ku yi aiki da wadda kuka ga dama. Ni dai kuɗin ya isa hannun masu ita, da sunansa."

Sai da na je bayan firamare inda sabis ke kamawa sosai kafin kuɗin ya shiga. A wurin suna na rubuta na Yaya, kamar yadda ya ce. Da na dawo ofis na buɗe ta, sai ga gaisuwa a allon, tana yi wa Yaya barka da zuwa da cikakken sunansa. Ban yi tsammanin haka ba. Na ja kujera baya.

Baffa, wanda ke zaune yana jirana, ya tambayi abin da ya faru, na nuna masa. Idonsa ya yi rauni, sai ya ce in ƙara girman rubutun. Ya matso ya karanta sunan a hankali, yana bin haruffan da yatsa.

"To," ya ce. "Sun san shi ke nan."

Har yau duk kaka yana sabunta ta, ni kuma da ta kyautar na saba. Ko Yaya ya sani ko bai sani ba, babu wanda ya iya gaya mana.