Lemon Tsami a Ƙafar Hamma

Ni mai cajin batir ne a unguwar Lamorde, kuma a lokacin kaf Mubi babu wanda ya kai ni cika baki. Nakan ce ruwan batir ya san ni, in ya ɗiga a hannuna gaisuwa ce. Ƙarya nake. Ci yake kamar kunama ta gayyato danginta.

Babban wana, da muke kira Hamma, malamin kimiyya ne a sakandare, ga ciwon suga. Bayan la'asar a shagona yake zama, yana koya min abin da ban tambaya ba. Wata rana asid ɗin, wato ruwan batir, ya shiga yankan da ke yatsana, na yi tsalle na kusa fasa kwanon rufi.

Ya gama dariyarsa ya ce, "A jikin jijiya akwai 'yan ƙofofi, ido ba ya ganinsu. Tsami ne makullinsu. Da ya taɓa sai su buɗe, gishirin jiki ya ruga ciki, wuta ta kama kamar ka haɗa waya da batir, ta wuce ƙwaƙwalwa. Shi ne ihun nan naka."

"Hamma, ashe ni ma batir ne?"

"Mai surutu kuwa. Kuma ba sai asid ɗinka ba. Ciwo in ya kumbura da kansa yake tsami. Cinyar da ta gaji ma haka."

"To a toshe ƙofofin mana, kowa ya huta!"

Ya harare ni kawai.

Ranar da mutanen daji suka shiga gari da bindigogi, da ƙafa muka fita ta hanyar Gella, shi da silifas. Muka kama duwatsu. Kwana biyu cinyoyina kamar an zuba musu ruwan batir. Na ce, "Hamma, ƙofofin nan naka sun buɗe har da taga." Ina ta nishi ina rantsuwa mutuwa zan yi. Shi kuwa tafiyarsa yake, ko tsaki babu. Na riƙa nuna shi ga mutane ina cewa wannan tsohon da ƙarfe aka ƙera shi.

A rana ta uku wata a-kori-kura ta tsaya, direban ya ce wurin mutum ɗaya ya rage, wa ya fi jin jiki? Duk aka juyo kaina, don ni aka fi jin bakina. Hamma ya ce, "Hau, ina zuwa." Na hau. Ban ko yi musu ba.

Washegari ya iso ƙauyen da aka sauke mu. Wari na fara ji kafin ya cire silifas. Ƙusa ta huda tafin ƙafarsa, shi kansa bai san yaushe ba, wurin ya yi baƙi ya kumbura. Suga ya daɗe da cinye jijiyoyin, bai gaya wa kowa ba.

Ya ce in roƙo masa lemon tsami. Wata tsohuwa ta ba ni guda. Ya ce, "Matsa a ciki."

"Hamma, za ka yi ihu a gaban mata fa."

"Allah Ya sa."

Na matse shi tas, har ƙwayayen suka faɗa cikin ciwon. Ina kallon fuskarsa, yana kallon ƙafar kamar ta wani ce. Ko ƙifta ido bai yi ba. Na ce ƙila lemon ne na banza, na lasa, haƙorana suka mutu.

A Yola aka yanke ƙafar, ƙasa da gwiwa. Likitan ya tambayi kwana nawa ya yi yana taka ta a haka. Ni na ba da amsa, na rage kwana ɗaya.

Da muka dawo Mubi ya koma zama a shagon, sandarsa jingine da batura. Bai taɓa tayar da zancen motar ba. Wani lokaci sai ya damƙi benci, gumi ya karyo masa, ya ce tafin ƙafar ke ci.

"Wanne tafin, Hamma? Wanda aka binne a Yola?"

"Shi."

Na tambaye shi ta wace ƙofa wannan yake shigowa. Ya ce in miƙo masa ruwa.