Garayar Sojan Amurka a Ƙarƙashin Gadonmu

Wata Asabar a ƙarshen bazarar da na shiga aji biyar, wata tsohuwa Baturiya maƙwabciyarmu a Greenbelt ta baje kayan marigayi mijinta a kan ciyawa tana sayarwa. Baba, wanda malamin tarihi ne a Kaduna kafin Amurka ta mayar da shi mai ɗaukar kwalaye a Laurel, ya tsaya gaban wata 'yar garaya mai igiya takwas, zagayayya, shafaffa kamar faifai. Mandolin ake ce mata. Ya saya mini, na rungumo ta har bene na uku ina jin kaina wata tsiya.

Murnar ba ta kai magariba ba. Mama ta leƙa ramin cikinta ta karanta 'yar takardar da ke manne: Army and Navy, wato sojan ƙasa da na ruwa. Ta ajiye ta a hankali kamar za ta fashe. "Malam, kayan soja ka kawo mana gida, takardun zamanmu ba su fito ba?"

Dole a yi wa Mama uzuri. Da idonta ta ga sojoji sun sa ƙanenta tsallen kwaɗo a bakin kasuwa can Kaduna don kawai ya sa wando mai launin kakinsu. A saninta, farar hula ba ya riƙe ko maɓallin soja. Ta naɗe garayar a tsohon zani ta tura ƙarƙashin gado, ta ja mini kunne kada in faɗa wa kowa. Zubarwa ba ta yiwu ba, don wanda ya jefa kayan gwamnati a shara ya ƙara wa laifinsa gishiri. Mayarwa ma ta gagara, tsohuwar ta tashi ta koma wajen 'yarta.

Haka na yi makonni. In na sauka da kayan wanki ɗakin injuna na ƙasa, sai in riƙa kallon ƙofa. In muna tsallen igiya a filin makaranta jirgi mai saukar ungulu ya wuce, ni kaɗai ke rasa ƙafa, don na tabbata gadonmu yake nema, kuma daga nan sai filin jirgi a mayar da mu gida.

Daga ƙarshe Baba ya yanke shawarar miƙa wuya. Ya sa kwat ɗinsa na koyarwa, ya tafi da ni ofishin ɗaukar sojoji da ke jerin kantuna, wai ni nake jin Turancin hanci. Ya ɗora ƙunshin a tebur da hannu biyu, ya ce ya zo mayar da kayan hukuma. Wani matashin soja ya kwance zanin, ya dube mu, ya kira wani babba mai furfura. Wannan ya juya ta, ya ɗan kaɗa igiya ɗaya, ya ce kakansa na da irinta. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko, in ji shi, wani kamfani ya ƙera su shafaffu, masu araha, don kurata su saya a kantin bariki su cusa a jaka. Sunan na talla ne kawai. Gwamnati ba ta taɓa mallakar ko ɗaya ba. Baba ya yi godiya har sau nawa, zufa na bin wuyan kwat.

Mama ta saurari tarihin duka tana yanka albasa. "Wannan sojan ya ce ba komai. Na gobe fa?" Amma ta yarda in koya, da sharaɗin ita za ta fara zagayawa ta rufe tagogi. Haka na koyi kiɗa cikin zafi da ƙamshin miya, har takardunmu suka fito.

Yau ina koyarwa a Gaithersburg, ina kaɗa ta lokacin da na so, maƙwabta har yabawa suke yi. Mama ta rasu da jimawa. Babu sauran mai tashi ya rufe taga saboda ni.