Rami na Hamsin a Katakon Oom Jafta

Ranar Talata, 11 ga watan Yuni, da hantsi, Oom Jafta Plaatjies, wato Kawu Jafta a bakin mutanenmu, ya cika a gidansa da ke bayan garin Loxton, yana da shekara saba'in da huɗu. Matarsa, Antie Griet, ita ta aiko in zo. Na tarar ta rufe masa ido, amma ta kasa miƙar da hannunsa na dama. Babban yatsa da manuniya suna haɗe, kamar yana riƙe da wani ɗan abu da mu ba ma gani.

Oom, ni ne Randall, wanda kake kira Mai Baki. Ba ni da ilimin da zan tsara maka yabo irin na limamin coci. Karatun ma a ɗakin aikinka na ƙwace shi da ƙarfi, daga tsofaffin jaridu da wani yagaggen littafin awon albarushi da kai ba ka iya karantawa. Ina haɗa baƙi ina tuntuɓe, kana cewa, "Sake, Mai Baki. In ka yi kuskure a nan, fuskar wani ce za ta biya."

Shekara hamsin kana tsare tumakin wannan yanki daga dila. Ba ka taɓa yar da kwanson harsashi a daji ba. Kana harbi ka sunkuya ka tsinta, ka kawo gida, ka wanke, ka sake cikawa. Makiyayin da dila ya addaba, in ya zo ƙofarka, ba ya komawa sai da harsashi biyar ko shida a aljihu, da shayin Antie Griet a ciki, da yankan busasshen naman barewa. Shekarar da mahaifina ya karye a ƙafa, kai ka kwana uku a garkensa har tumaki suka gama haihuwa, ka hana shi ko godiya. Bindigar da nake riƙewa yau taka ce.

Tagullar kwanso tana gajiya, haka ka koya mini. In kwanso ya sha harbi, wuyansa yakan bushe ya tsage, sai an gasa shi ya yi laushi. Amma wuyan kaɗai. In zafi ya gangara gindin kwanson, gindin ya yi laushi, to ranar da aka harba shi baya zai fashe, cikin idon mai bindiga. Masu hali suna da injin wannan aiki. Kai yatsunka ne injin. Da rana tsaka za ka rufe ƙofa, ka toshe taga da buhu don ka ga launin ƙarfen, ka kunna wutar gas, ka riƙe gindin kwanson da yatsa biyu kana juyawa. Da zarar yatsa ya ji zafi, ka sake shi ya faɗa bokitin ruwa. Cuss. Na sha zama a wannan duhun, ba na ganin komai sai shuɗin harshen wuta da rabin fuskarka, ba na jin komai sai cuss, cuss.

Ba wanda ya gaya maka cewa ciwon suga yana kashe jin yatsu. Ko an gaya maka ka ƙi ji, don na san halinka.

Wata Asabar cikin Afrilu muna cikin duhun nan, sai na ji ƙaurin nama. Na duba, na ga kwanson ya yi ja har ƙasa, hayaƙi na tashi daga yatsunka, kai kuwa kana juya shi a natse kana ɗan waƙarka ta coci.

Na ce, "Oom, hannunka na ci!"

Ka ce, "Bakinka ne ke ci. Bari in ji zafi tukuna."

Na yaye buhun taga. Ka daɗe kana kallon yatsun kamar na wani ne aka ba ka ajiya. Sannan ka ɗauki awartaki ka matse gindin kwanson, ya lotse kamar ƙullun burodi. Ba ka yi maganar hannunka ba. Cewa ka yi, "Na watan jiya ma da yatsun nan na gasa su. Guda hamsin. Duk na rabar."

Kowane rukuni kana ɗiga masa fentin shaidar tumaki a gindi, kuma na watan Maris kore ne. Washegari ka ɗaura wa jakuna amalanke, ka ɗora katakon nan mai ramuka hamsin da kake jera harsasai, ka shiga gonaki ɗaya bayan ɗaya kana karɓo masu koren gindi. Ga sanyi ya kama, ga lokacin farauta ya ƙarato.

A nan ne raina ke ɓaci, kuma ba zan ɓoye ba. Mutanen da suka shekara ashirin suna cin alherinka suka ce tsufa ya taɓa maka kai. Wasu suka ce rowa ce ta same ka, kana bin kyauta kana karɓewa. Wani ya sa ka tsaya a bakin shinge cikin iska har ya gama cin abinci. Kai kuwa kana cire hula kana cewa, "Laifina ne, ɗan'uwa, duba mini aljihun rigarka." A mako huɗu ka cike rami arba'in da tara.

Ɗaya ya rage. Don wannan ɗayan ka ƙara mako uku a hanya, har sanyi ya shige maka ƙirji. Antie Griet ta ce maka, "Tsoho, an harba shi tuni, Allah ya tsare." Ka ce, "Da an harba, da mun ji kuka." A kan gadon ma ba ka nemi ruwa ba, katakon ka sa aka ajiye maka kusa, kana lalubar ramin da yatsan da ba ya jin komai.

Ni na riga na yanke wanda ya ɓoye shi: Kallie Booysen, makiyayin gonar da ke bayan dutse, don shi ya fi kowa yi maka dariya. A maƙabarta, a gaban jama'a, na ce masa, "Kai ka kashe shi, ɓarawon gawa." Ya ce, "Randall, na rantse na ba shi duka nawa." Na tofar da yawu kusa da takalminsa.

Bayan binnewa da kwana biyu, Antie Griet ta kira ni gefe. Ta ce da rana tsaka tana jin cuss daga ɗakin aikin. Sau ɗaya, kowace rana. Mabuɗin yana wuyanta, bokitin kuma ni da kaina na zubar da ruwansa na kife. Na ce mata kwanon rufi ne ke motsi da zafin rana. Ta ce, "Wane zafi a watan Yuni, tsakiyar sanyinmu?"

Ranar Alhamis da la'asar dila ya kashe mana ɗan tunkiya, na ɗauki bindigarka na bi sawu. Rabona da harba ta tun Maris, ranar da muka fita tare ka karɓa ka cika mini ita da hannunka. Na same shi a gindin dutse, tsaye, yana kallona, ko gudu bai yi ba. Na durƙusa, na ɗana, na sa ido, yatsana ya hau kunama. Babu ruwa a wannan fili, ko na tafin hannu. Amma daf da kunnena na dama na ji shi sarai. Cuss.

Na sauke bindigar. Na buɗe ta, harsashin ya faɗo cikin ƙasa, na juya gindinsa. Kore.

Oom, da ka fara nema, kwalina na zazzage maka a tebur, na ce, "Ga nawa, ni ba irinsu ba ne." Ban buɗe bindigar ba. Kai kuma ba ka tambaya ba, don ka yarda da ni. Mako uku kana tari a kan amalanke, abin da kake nema yana rataye bayan ƙofata, yana jiran idona.

Na je wurin Kallie a ƙafa. Na cire hula a bakin shingensa kamar yadda kake yi. Bai bar ni na tsaya a iska ba. A nan ma ina sake neman gafararsa a rubuce, tunda a gaban jama'a na zage shi.

Ubangiji ya jiƙanka, Oom Jafta, ya gafarta maka kurakuranka, ya ba ka hutu a wuri mai haske, inda ba a toshe taga. Ya saka maka da alheri a kan kowane ido da ka tsare, har da nawa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Antie Griet, da 'yarku Lenie da 'ya'yanta, da dukan iyalin Plaatjies. Allah ya ba ku haƙuri da ƙarfin zuciya, ni kuma ya koya wa bakina jira.

Jiya na kai wa Antie harsashin, na cire masa albarushi a gabanta, ta sa kwanson a rami na hamsin da hannunta. Yau da rana tsaka muka zauna a ƙofar ɗakin aikin, ni da ita, muna saurare har inuwa ta karkata. Ba mu ji komai ba. Sai ta ce, "To, yanzu ya saki." Sannan ta fara kuka.

Randall Koopman
Loxton