Ƙwaya Biyun da Na Ɓoye wa Yaya Rabi

Damanar bana ce ta bakwai da muka yi babu Yaya Rabi. Ita nake bi wa, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tana cikin matan farko da aka ɗora wa rabon maganin riga-kafin masassara a ƙauyenmu, kusa da Urno. Ba ta yi boko mai nisa ba. Amma tana da ƙafa, tana da baki, kuma ba ta jin kunyar shiga ɗakin kowa.

Aikin ba shi da wuyar ganewa. Kowane wata na damana za ta zo ta ba ƙananan yara maganin ranar farko da hannunta, ta bar wa uwa ƙwaya biyu, ta gobe da ta jibi, ta yi alama da alli a ƙofa. In ta tarar an tafi gona, can za ta bi mutum cikin hatsi.

Abin da waɗanda suka tsara aikin ba su sani ba shi ne halinmu. Mu mutanen Adar ba mu iya ganin abu mai amfani mu ƙarar da shi alhali babu matsi. Haka muke yi da iri, haka muke yi da rumbu. To, yaro lafiya lau yana tsalle a tsakar gida, a ce a ba shi magani? Sai mu ƙulle ƙwayoyin a tsumma, mu sa cikin kwalla, ajiyar ranar ciwo. Ni ma haka na yi da na ɗiyata Balki, tana da shekara uku, ina ganin na yi dabara.

A watan da gero ya fara fitar da kai jikin Balki ya ɗau zafi. Na kwance tsumman na ba ta, bai yi komai ba. Kwana biyu sai ta sanƙare, idanu suka juye. Yaya ce ta goya ta a bayan moto, wato babur, har likitar Madawa. Da yarinyar ta farfaɗo, Yaya ta dube ni a inuwar gini ta ce, "Hajo, biyun da nib bar miki, yaushe kinka ba ta?" Na faɗi gaskiya. Na zaci za ta ci mutuncina. Sai ta ce, "Laihina ne. Na san kwallarki, ban buɗa ba."

Daga nan ta sake salo. Ba ta ƙara yarda da "na ba shi" ba. Rana ta huɗu za ta dawo ta ce a nuna mata fankon takardar maganin. Mata suka yi ta gunaguni, suka sa mata suna Jandarma. Sunan ma daɗi ya yi mata.

Yanzu ina jin ana faɗa a rediyo cewa an wuce maganar rage masassara, so ake a kawar da ita gaba ɗaya daga ƙasa. Ga sange, gidan sauro, ana rabawa, ga allurar riga-kafi ta jarirai ta shigo. Na san Yaya za ta yi murna, sannan ta karkace baki ta tambaya ko wa zai koma rana ta huɗu. Don har yau ina ganin sange sabo fil an rufe irin albasa da shi, kuma ba zan yi rantsuwa kan kwallar kowa ba. Ba na zargin matan. Wanda ya taso yana tsoron rashi, ajiya yake gani ita ce hankali.

Balki tana kwaleji a Madawa. Kunnenta na hagu bai ƙara ji ba tun wancan ciwon, kuma duk sanda ta juyo min da na dama sai zuciyata ta yi nauyi. Yaya ba ta bar gida ko gona ba. Amma a unguwarmu, in an gama ba yaro magani, uwa kan soke fankon a jikin danga inda mai wucewa zai gani, ko da yake mai dubawar ta tafi. Allah Ya jiƙan ki, Yaya. Maganin jikokina ni nake ba su, duka kwana ukun, kuma kwallar babu komai a ciki.